DARASIN YAU: Dawa, gero da gurjiya a abincin kaji da kifi



Duk mai haɗa abincin kaji da kansa ya san masara ce ke cin kusan rabin buhu. Shi ya sa da zarar ta tashi a kasuwar Dandume ko Bakori, ribar mai kaji ɗari ta tafi.

Amma yankin Funtua da Malumfashi ba da masara ya taso ba. Iyayenmu dawa, gero, auduga da gyaɗa suka sani. Masara ta mamaye gonaki ne bayan shirin bunƙasa noma na Funtua da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, lokacin da taki ke da araha. Yanzu taki ya yi tsada, ga tsutsar masara da ta shigo Najeriya a 2016. Dawa da gero kuwa sun fi jure ƙarancin taki da yankewar ruwa.

Ga yadda za ka amfana da su:

1. DAWA. Ƙarfinta ya kusa na masara, furotin ɗinta ma ya ɗan ɗara. Nemi farfara ko kaura. Ka tauna ƙwaya biyu, in ka ji bauri a baki, bar ta. Wannan baurin, wanda aka fi samu a jar dawa, yana rage cin abinci da girman kaji.

2. GERO. Ya fi masara furotin, kuma yana nuna cikin kamar wata uku. Wato yana shigowa gida tun masara ba ta bushe ba, lokacin da hatsi ke tsada.

3. GURJIYA (kwaruru). Furotin ɗinta wajen kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari ne. Ba ta kai waken suya ba, amma tana rage maka yawan wanda za ka saya. Sai an soya ta ko an dafa an shanya kafin a niƙa, ɗanyarta tana hana narkewar abinci. Tana yi a ƙasar da ta gaji, kuma tana ƙara mata ƙarfi kamar wake.

Wajen haɗawa, kar ka canza abinci dare ɗaya. In kana sa masara kilo 50 a haɗin kilo 100, cire kilo 12 ka sa dawa, ka lura da cinsu da kashinsu na mako guda. In lafiya lau, ka kai rabi. Gurjiya kuma kar ta wuce kilo 10 a farko. Ɓarza za ka yi, ba gari ba, kaji sun fi son tsaki.

Masu kajin ƙwai ku lura: farar dawa tana sa gwaiduwa ta yi fari-fari, masu saye su yi ƙorafi. Kaura ko ɗan garin zogale da aka shanya a inuwa yana gyara launin.

Masu tarwaɗa, garin dawa da aka dama da ruwan zafi yana riƙe abinci ya dunƙule. Amma ba ya maye gurbin garin kifi da waken suya, kar a ruɗe ku.

Duk hatsin da ya yi fumfuna, a zubar. Asararsa ta fi kuɗinsa.

Shawarata: in kana da gona, ware kashi ɗaya cikin uku bana ka sa dawa, ka ratsa gurjiya a tsakani, ka zuba kashin kajinka da ya ruɓe. Mai neman ingantaccen iri ya tambayi nau'in SAMSORG na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. In farashin kaji ya faɗi, ko ba komai akwai tuwo da kunu a gida.

Wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa mana yadda ta kaya. Allah ya sa albarka a kiwonmu.