Ma'aunin Zuci da Sha'anin Bin Layi

Kowane ɗan Adam yana da ma'auni a zuciyarsa, wanda yake auna al'amura da shi tun kafin ya ɗaga ƙafa. Da shi ne yake rarrabe abin kunya da abin alfahari, da abin da ya cancanci wahala da wanda bai cancanta ba. Ba a haifar mutum da wannan ma'auni a kammale. Gida ne yake fara sassaƙa shi, sa'an nan makaranta da kasuwa, da kuma irin mutanen da jama'a suke yabo.

Alal misali, a dubi sha'anin bin layi. Mutum biyu sun iske layi a tashar mota. Na farko ya auna, ya ga waɗanda suka riga shi suna da hakki a kansa, sai ya koma baya ya tsaya. Na biyu kuwa a ma'auninsa jira alamar rashin gata ce, saboda haka ya kutsa gaba. Layi ɗaya suka gani, hukuncinsu ne ya bambanta. Abin da ya fi muni shi ne idan 'yan kallo suka kira na biyun mai wayo, domin yaron da ke tsaye a gefe ya ɗauki darasi ke nan.

A watan Maris na 1984 gwamnatin Manjo-Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, watau WAI, kuma da bin layi aka fara. Daga baya aka shiga kula da aiki, kishin ƙasa, yaƙi da cin hanci, da tsabtace muhalli. Layuka sun miƙe a tashoshi da bankuna, ma'aikatan da suka makara kuwa wasunsu sun sha tsallen kwaɗo. Amma da aka kifar da gwamnatin a watan Agusta na 1985, turereniya ta komo wurare da dama. Dalili kuwa, bulala ta sauya lissafin tsoro ne, ba ta taɓa abin da mutane suke ɗauka da daraja ba.

Hukumar MAMSER da aka kafa a 1987 ta bi ta hanyar wayar da kai, haka ma hukumar NOA da ta gaje ta a 1993. Wannan hanya tana da jinkiri ƙwarai, domin sai an shawo kan uba da malami da shugaban tasha ɗaya bayan ɗaya, su daina yaba wa mai kutse, ko da kuwa ɗan'uwansu ne.