Nina Foch: 'Yar Wasan Kwaikwayon da Ta Zama Malama

Da yawa daga cikin iyayenmu suna ɗaukar wasan kwaikwayo aikin shashanci ne, wanda ba ya bukatar karatu. Mu ma ɗalibai, in an zo wasan ƙarshen shekara, sai kowa ya haddace maganarsa daren jajibiri ya hau dandali. Tarihin wata mata mai suna Nina Foch zai nuna mana cewa wannan sana'a ilmi ce da ake koyo kamar lissafi.

An haifi Nina a garin Leiden na ƙasar Holan ran 20 ga Afrilu, 1924. Ubanta shugaban makaɗa ne, uwarta kuwa Ba'amurkiya ce 'yar wasa. Tun tana ƙarama iyayen suka rabu, uwar ta ɗauke ta suka koma birnin New York. A can ta koyi kiɗan piyano da zane, sa'an nan ta shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo, ta kuma yi karatu a hannun manyan malaman fannin, Lee Strasberg da Stella Adler.

Tana da shekara 19 kamfanin Columbia ya ɗauke ta aiki. Da farko ƙananan finafinan ban tsoro aka riƙa ba ta, ba ta raina ba, don ta san sannu ba ta hana zuwa. A 1951 ta fito a An American in Paris. A 1954 ta fito a matsayin sakatariya a Executive Suite, ta yi ƙwazo har aka sa sunanta cikin masu takarar kyautar Oscar. A fim ɗin The Ten Commandments na 1956 ita ce matar gidan Fir'auna da ta tsinci jariri a kogi ta rene shi. Abin mamaki, Charlton Heston da ya fito a matsayin ɗan nata ya girme ta da wajen wata shida, amma iya tafiya da iya magana suka sa mai kallo ya yarda uwa ce.

A telebijin ta fi daɗewa. A 1968 ita ce matar da aka kashe a labarin farko na ɗan sandan ciki Columbo. A 1980 ta shiga takarar kyautar Emmy saboda shirin Lou Grant. Har bayan ta haura shekara 80 ana ganinta a shirin NCIS.

To, amma babban aikinta shi ne koyarwa. Ta yi wajen shekara 40 tana koyarwa a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, kuma yawancin ɗalibanta masu son zama daraktoci ne, watau masu ba da umarni. Dalili kuwa, daraktan da bai san wahalar ɗan wasa ba, ba zai iya gyara shi ba. Takan sa su bi rubutun wasa layi-layi, su gano abin da kowane mutum yake nufi da maganarsa. Misali, in wasa ya ce yarinya ta ce wa uwarta "na dawo", dole a san ko lallashi take yi, ko ɓoye laifi, ko neman a yabe ta, gama kowanne da irin muryarsa. Cikin ɗalibanta akwai Randal Kleiser, wanda ya shirya fim ɗin Grease a 1978.

Tana cikin aji tana koyarwa ciwo ya kama ta, washegari ran 5 ga Disamba, 2008, ta rasu a Los Angeles tana da shekara 84.

'Yan'uwana ɗalibai, darasi biyu ke nan. Na farko, baiwa kaɗai ba ta isa ba sai an haɗa da naci da koyo. Na biyu, wanda ya iya abu ya koya wa na baya, don kada ya tafi da shi kabari. Iyayenmu kuma muna roƙonsu, in sun ga yaro ya shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, kada su yi saurin tsawata masa. Su tambaye shi me ya koya, su kuma tabbata bai bar littattafansa ba.