Yadda ake ƙirga mutanen da taba sigari ke kashewa, da dalilin da ya sa adadin yake zuwa da tazara

Duk wanda ya taɓa buɗe Google Maps a wayarsa ya san ɗigon nan shuɗi da ke nuna inda yake tsaye. Idan aka lura da kyau, akwai wata da'ira mai haske da ke kewaye da ɗigon, wani lokaci 'yar ƙarama, wani lokaci kuma ta haɗiye unguwa guda. Abin da wayar take nufi shi ne mai ita yana cikin da'irar nan, amma ba za ta iya rantsuwa a kan ainihin ƙofar gidan da yake ba. Darasin yau a kan alƙaluman mutuwa ta dalilin shan taba sigari ne, kuma da wannan da'ira za a fi saurin gane su.

A bayanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, ta ce taba tana kashe mutum sama da miliyan 8 a duk shekara, ciki har da kusan miliyan 1.3 waɗanda ba sa sha, hayaƙin wasu kawai suke shaƙa. A Amurka, adadin da hukumomin lafiya suka bayar a rahoton 2014 shi ne sama da 480,000 a shekara. Irin waɗannan lambobi ne ake yi wa hoto ana yaɗawa a WhatsApp da Facebook, sai wani ya yi tambaya a ƙasa: wa ya ƙirga su? Tambayar tana kan hanya, domin babu wanda ya bi gawa ɗaya bayan ɗaya. Likita yana rubuta cutar da ta yi ajalin mutum, kamar kansar huhu ko ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kuma duk waɗannan suna kashe wanda bai taɓa kai sigari bakinsa ba. Don haka ba a iya nuna mutum ɗaya a ce tabbas taba ce ta kashe shi. Abin da ake iyawa shi ne a kwatanta taron mashaya da taron marasa sha, a ga rarar mutuwar da ke tsakani.

Inda lissafin ya samo tushe

A 1951 wasu masu bincike biyu a Birtaniya, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka aika wa likitocin ƙasar takardar tambaya a kan shan taba, sannan aka ci gaba da bibiyar likitoci maza sama da 34,000 har tsawon shekara 50. Sakamakon da aka wallafa a 2004 ya nuna wanda ya ci gaba da sha yana rasa kusan shekara 10 na rayuwarsa idan aka kwatanta shi da wanda bai taɓa sha ba. A Amurka ma ƙungiyar yaƙi da kansa ta ƙasar ta fara bibiyar mutum kusan miliyan 1.2 a 1982. Daga irin waɗannan bincike ake samun lamba ta farko da ake buƙata, wato ninkin haɗari: sau nawa mashayi ya fi wanda ba ya sha yiwuwar mutuwa da wata cuta. A kansar huhu ninkin yana tsakanin 15 zuwa 30. A ciwon zuciya bai kai ko kusa da haka ba.

Lamba ta biyu ita ce kason mutanen da ke sha, ta uku kuma jimillar waɗanda cutar ta kashe. Wani likita mai suna Morton Levin ya fitar da dabarar haɗa su tun 1953, kuma duk mai Google Sheets a waya zai iya gwada ta. A saka kason mashaya a A1, ninkin haɗari a B1, sai a rubuta wannan a C1:

=A1*(B1-1)/(1+A1*(B1-1))

A ɗauki wani gari na misali kawai, inda mutum 20 cikin 100 suke sha, wato 0.2. Idan ninkin kansar huhu 20 ne, amsar za ta fito 0.79, ma'ana a cikin mutum 100 da kansar huhu ta kashe a garin, 79 ana ɗora su a kan taba. Idan ninkin ciwon zuciya 2 ne, amsar 0.167 ce, wato 167 a cikin mutum 1,000. A nan akwai abin lura: cutar da ninkinta bai da yawa tana iya kawo adadi mafi girma, saboda ta fi yawa a cikin jama'a.

Yanzu a canza B1 zuwa 1.7, sai 167 ta sauko 123. A mayar da ita 2.3, sai ta haura 206. Ba a taɓa komai ba sai lamba ɗaya, ita ma da kaɗan. To ita wannan lambar daga samfurin mutane aka samo ta, ba daga kowa da kowa ba, kuma da an ɗauki wani samfurin daban da ta ɗan motsa. Haka shi ma kason mashaya. Wannan motsin shi ne da'irar da ke kewaye da ɗigon.

Masu harkar rubuta manhaja za su ji daɗin yadda ake auna faɗin da'irar. Maimakon a yi lissafin sau ɗaya, sai a sa kwamfuta ta maimaita shi sau da yawa, kowane zagaye tana zaɓo lambobi daga cikin iyakar da ake ganin gaskiya tana ciki. A Sheets ana iya kwaikwayon haka da =1.7+RAND()*0.6 a B1, a cike layin A da 0.2, sannan a ja B da C ƙasa zuwa layi 1,000. Daga nan a yi amfani da PERCENTILE a yanke kashi 2.5 cikin 100 na ƙasa da na sama, abin da ya rage a tsakiya shi ne tazarar kashi 95. Masu bincike na gaske suna ba lambobin tsakiya nauyi fiye da na gefe, ba kamar RAND da ke ɗaukar kowace lamba daidai wa daida ba, amma tunanin ɗaya ne. Da irin wannan hanya cibiyar IHME ta Jami'ar Washington ta ƙiyasta cewa shan taba ya kashe mutum miliyan 7.69 a 2019, da tazara daga miliyan 7.16 zuwa 8.20. Abin takaici, idan labari ya iso soshiyal midiya, lambar tsakiya kaɗai ke tsira, tazarar ta faɗi a hanya.

Abin da tazarar ba ta ɗauke ba

Kwamfuta tana auna rashin tabbas ɗin da aka gaya mata ne kawai. Akwai wasu kurakurai da ko an maimaita lissafi sau miliyan ba za su bayyana ba. Mashaya taba, a wurare da yawa, sun fi shan giya kuma sun fi fama da talauci, don haka wani ɓangare na rarar mutuwarsu ba na taba ba ne. Sannan akwai jinkiri: kansar da ta kashe mutum bana ta sigarin da ya sha shekara 20 ko 30 da suka wuce ce, ke nan kason mashaya na yau yana iya yaudarar mai lissafi. Richard Peto da Alan Lopez da abokan aikinsu sun kauce wa wannan a 1992 ta hanyar amfani da yawan kansar huhu a ƙasa a matsayin ma'aunin tarihin shan tabarta, kuma da gangan suka raba rarar haɗarin yawancin sauran cututtuka gida biyu suka ɗauki rabi, don kada a ce sun yi zuzutawa.

Kuskuren yana iya karkata ɗaya ɓangaren ma. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2015 ya gano kusan kashi 17 cikin 100 na rarar mutuwar mashaya ta fito ne daga cututtukan da ba a saba saka su a lissafin ba, kamar gazawar ƙoda da wasu cututtuka masu kama jiki ta ƙwayoyin cuta. Wato akwai yiwuwar tsohon adadin ya yi ƙasa da gaskiya.

A ƙasa irin Najeriya da'irar ta fi faɗi sosai. Binciken shan taba na manya da aka yi a 2012 ya nuna kashi 3.9 cikin 100 ne ke shan taba mai hayaƙi, to an samu lamba ɗaya. Amma yawancin mace-mace ba a yi musu rajista, mutum ya rasu a gida da safe a binne shi kafin la'asar ba tare da likita ya rubuta komai ba. Sai masu bincike su koma tambayar iyalai alamomin da mamaci ya nuna kafin rasuwarsa, su aro ninkin haɗari daga binciken wasu ƙasashe, su cike sauran da ƙiyasin kwamfuta. Ga kuma hayaƙin itacen girki da ke lalata huhun waɗanda ba su taɓa shan taba ba, yana ƙara rikita lissafin. Duk wanda ya kawo adadin Najeriya cif-cif har da lambar ƙarshe, ba tare da tazara ba, ya kamata a tambaye shi inda ya samo shi.

Su ma kamfanonin taba sun daɗe da gane amfanin wannan giɓin. Wata takardar cikin gida ta kamfanin Brown & Williamson ta 1969, wadda ta fito fili daga baya, ta bayyana shakku a matsayin hajar da suke sayarwa. Dabarar ita ce a ɗauki muhawarar masana a kan ko adadin miliyan 7 ne ko 8, a nuna wa jama'a kamar ana muhawara ne a kan ko taba tana kisa ma sam. Amma ko an ɗauki mafi ƙarancin lambar da ke cikin tazarar 2019, wato miliyan 7.16, aka raba ta da kwana 365, ana samun mutum sama da 19,600 a kowace rana.