Dalilan da Suka Hana Baƙin Nau'o'in Inji Samun Gindin Zama a Babur

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin hanya a Zariya ko Maraɗi ya ƙare wa babura kallo, zai ga sun bambanta a launi da suna da girma. Amma da za a buɗe cikinsu, da an tarar kusan duk abu guda ne: fistin mai hawa da sauka a cikin silinda. Haka al'amarin yake a Turai da Asiya. Ba don ba a gwada wasu dabarun ba ne. An gwada su, an kashe dukiya mai yawa, wasu ma sun shiga kasuwa na ɗan lokaci. Wannan darasi zai duba dalilan da suka sa irin waɗannan injuna suka kasa zama da gindinsu. Yana daga cikin rubutun bayani a kan fasaha da ake so ɗalibi mai koyon aikin malanta ya saba da shi, domin ya iya bayyana al'amuran zamani da Hausa a gaban aji.

2.0 Injin da Aka Saba da Shi

A shekarar 1876 ne Bajamushen nan Nikolaus Otto ya kammala injin mai bugu huɗu. A bugu na farko fistin yakan sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur. A na biyu ya hau ya matse su. A na uku filogi ya ba da wuta, fashewar ta tura fistin ƙasa. A na huɗu ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. A shekarar 1885 Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ɗora injin fetur a kan wani keken katako, wanda yawancin masana suke ɗauka a matsayin kakan babur.

Wannan inji yana da aibi wanda maƙera suka daɗe da sani. Bugu ɗaya ne kawai cikin huɗu yake ba da ƙarfi. Sannan fistin yakan tsaya cak ya juyo sau biyu a kowane zagaye, wato idan inji yana juyi 6,000 a minti, fistin yana tsayawa sau 200 a daƙiƙa guda. Daga nan jijjigar da mahayi yake ji a hannu da ƙafa take fitowa. Ga kuma tarin bawul da sauran ƙananan sassa masu motsi. Ke nan tambayar da ta dami masu ƙira ita ce: tun da juyi ake nema a ƙarshe, me zai hana a yi injin da yake juyawa tun daga tushe?

3.0 Injin Wankel

Amsar da ta fi shahara ita ce ta Felix Wankel, wanda ya yi aiki da kamfanin NSU na Jamus, aka kunna samfurinsa na farko a 1957. A maimakon fistin, injin yana da dunƙulen ƙarfe mai kusurwa uku, wanda za a kira majuyi a wannan darasi. Majuyin yana kewayawa a cikin wani gida mai kama da ɓawon gyaɗa mai ƙwaya biyu, kusurwoyinsa uku suna goge bangon gidan a koyaushe. Ta haka ake samun ɗakuna uku masu buɗewa da tsukewa, kowanne yana zuƙa da matsa da ƙonawa da fitarwa bi da bi. Babu bawul, babu tsayawa da juyowa. Injin ƙarami ne, ba shi da nauyi, kuma yana tafiya sumul. A bisa takarda, kamar don babur aka yi shi.

Manyan kamfanoni sun yi rububin sayen lasisin ƙera shi. Yamaha ta nuna samfurin RZ201 a Tokyo a 1972, amma ba ta kai shi kasuwa ba. Kamfanin Hercules na Jamus ya fito da W-2000 a 1974, aka ƙera ƙasa da 2,000. Wanda ya fi kowa zurfafawa shi ne Suzuki, da babur ɗinsa RE5 na wannan shekarar, kuma labarinsa ya isa misali.

3.1 Abin da Ya Faru da RE5

Matsala ta farko zafi ce. A injin fistin, wuri guda ne yake shan wuta sannan ya sha sanyin sabuwar iska, saboda haka yana samun hutu. A injin Wankel kuwa, ɓangare ɗaya na gidan shi ne yake shan wuta har abada, ɗaya ɓangaren yana cikin sanyi, kuma ƙarfen da ake gasa rabinsa yakan so ya lanƙwashe. Dole Suzuki ta sanya lagireto na ruwa, ta ƙara da wata na'urar sanyaya baƙin mai. Hayaƙin ma ya yi zafin da sai da aka yi wa salansa riɓi biyu, iska tana ratsa tsakani, don kada ta ƙona ƙafar mahayi. Mota tana da fili a gaba inda za a zuba irin waɗannan kayayyaki nesa da direba. Babur ba shi da wannan gata, domin injinsa a tsakanin ƙafafun mutum yake.

Matsala ta biyu ita ce toshiya. A kowace kusurwa ta majuyi akwai siririn ƙarfe mai yin aikin da ringi yake yi wa fistin. Ringi zagayayye ne a cikin zagayayyen rami, don haka zamansa mai sauƙi ne. Shi kuwa wannan bakinsa kaɗai yake taɓa bango, kuma karkatarsa tana sauyawa yayin da yake gudu. Idan ya cinye, matsi ya tsiyaye, inji ya mutu. Wannan cutar ce ta addabi motar Ro 80 ta NSU wadda ta fito a 1967, har asarar sauya wa masu saye inji ta taimaka wajen durƙusar da kamfanin, Volkswagen ta haɗiye shi a 1969. Domin ƙarafan su daɗe, sai an riƙa ɗiga musu baƙin mai a cikin ɗakin wuta, man kuma ya ƙone ya fita da hayaƙi.

Ta uku ita ce shan mai. Ɗakin da wuta take ci a injin Wankel dogo ne siriri, bangonsa yana da faɗi. Zafin da ya kamata ya zama ƙarfi sai ya tsere ta bango, wani fetur ɗin kuma ya fita bai ƙone ba. Aka yi rashin sa'a RE5 ya fito a bayan rikicin man fetur na 1973, lokacin da farashi ya yi tashin gwauron zabi.

Idan aka haɗa waɗannan, sai a ga an gudu ba a tsira ba. Injin da aka zaɓa saboda sauƙi da rashin nauyi ya haifar da babur mai kimanin kilo 230, wanda wayoyi biyar suke fita daga totur ɗinsa. Ƙarfinsa na doki 62 ne, alhali Kawasaki Z1 mai fistin huɗu, wanda ya riga shi fitowa da shekara biyu kuma nauyinsu kusan ɗaya, yana da 82. A 1976 aka daina ƙera RE5 bayan an yi kimanin 6,000, Suzuki ta juya ga GS750 mai bugu huɗu.

Ba daidai ba ne a ce injin ba shi da ƙarfi. Kamfanin Norton na Ingila ya ƙera wa 'yan sanda irinsa a shekarun 1980, kuma a 1992 Steve Hislop ya lashe babbar tseren tsibirin Man a kan Norton mai majuyi. Sai dai injin tsere ana kwance shi bayan kowace gasa, ba a kuma damu da man da ya sha ba. Mai zuwa kasuwa ba haka lissafinsa yake ba.

4.0 Wasu Gwaje-gwajen

Tun kafin Wankel, a farkon shekarun 1920, an yi Megola a birnin Munich, wanda aka cusa injinsa mai silinda biyar a cikin ƙafar gaba. Ba shi da kuloci, ba shi da giya. Idan aka tsaya inji ya mutu, sai an tura. A 1979 Honda ta shiga tsere da NR500 mai fistin mai siffar ƙwai, kowace silinda da bawul takwas, dabarar da ta ɓullo da ita saboda doka ta hana wuce silinda huɗu. A nan ma toshiyar ringi ce ta ba da wahala, babur ɗin bai ci maki ko ɗaya a gasar duniya ba. Na kan hanya da aka sayar a 1992 kimanin 300 ne, a farashin da sai attajiri. A shekarar 2000 wani kamfani a Amurka ya ɗora injin jirgi mai saukar ungulu a kan babur mai suna Y2K. Gudu kam akwai, amma shan mai da zafin hayaƙinsa sun mai da shi abin nuni kawai. Injin dizal ya fi su kusa da talaka: Royal Enfield ta Indiya ta yi Taurus a shekarun 1990, mai tsimin mai sosai, sai dai ga nauyi ga jijjiga, ƙarfinsa kuma bai kai doki 7 ba.

5.0 Bakanike da Kasuwar Kayan Gyara

Akwai dalilin da ba a cikin inji yake ba, kuma mai yiwuwa shi ne mafi girma. Sabon inji ba da injin Otto na 1876 yake takara ba. Yana takara ne da abin da dubban maƙera suka shafe fiye da ƙarni suna gyara wa kuskure ɗaya bayan ɗaya, ana kuma ƙera shi miliyoyi, abin da ya karya farashinsa. Super Cub na Honda kaɗai, wanda ya fito a 1958, an ƙera miliyan 100 zuwa 2017. Baƙon inji da aka yi dubu shida ba zai taɓa kamo wannan araha ba, kuma ba za a yi shi da yawa ba sai ya yi araha.

Tarihin CG125 ya ƙara fito da wannan fili. A 1974 Honda ta tura ma'aikatanta ƙasashen Asiya su ga yadda ake amfani da babur. Suka tarar ana labta masa kaya fiye da kima, ana barin baƙin mai har ya yi kauri ba a juye ba. Maimakon su kai wa waɗannan mutane sabuwar fasaha, sai suka koma ga tsohon tsarin tura bawul da sanda, wanda ya fi jure sakaci. Babur ɗin ya fito a 1975, kuma kamfanonin Sin da dama sun kwaikwayi injinsa, har irinsa ya cika kasuwannin Afirka.

Ga ɗan acaɓa ko manomin da yake kai amfani kasuwa, babur jari ne, kwana guda a gareji asarar abincin gida ce. Abin da zai tambaya kafin ya saya shi ne ko bakaniken garinsu ya san cikin injin, ko kuma za a sami fistin da ringi a shago mafi kusa. Bakaniken nan a wurin maigidansa ya koyi sana'a, da ido da kunne, a kan irin injin da yake shigowa kullum. Da za a kawo masa majuyin da bakinsa ya cinye, ba shi da kayan aikinsa, ba shi kuma da inda zai sayo wani.

Abin lura shi ne, baƙon da ya fara samun shiga a 'yan shekarun nan, wato babur mai lantarki, bai zo da wata sabuwar hanyar ƙona fetur ba. Ya kawar da fistin da filogi da kafireta gaba ɗaya, matsalarsa ta koma ga tsadar batir da wurin caji. Shi kansa injin Wankel, da Mazda ta dawo da shi a 2023 bayan ta daina ƙera RX-8 a 2012, ba ƙafafun mota aka ba shi ya juya ba. Aikin janareta aka ba shi, yana yi wa batir caji.

Aikin Ɗalibi

A ziyarci wani garejin babura, a tattaro sunayen sassan inji guda ashirin kamar yadda kanikawa suke furta su. A ware na aro daga waɗanda aka ƙirƙira, a nuna sauyin sautin da aka samu a kalmomi irin su filogi da kuloci da salansa. Daga nan a rubuta sakin layi biyu da za a iya karanta wa 'yan ƙaramar sakandare, ana bayyana yadda majuyi yake aiki, a kuma kawo wata kalmar idan ana ganin ta fi majuyi dacewa.