Riƙon Jama'a: Hidima Ko Ganima?

Duk inda mutane suka taru sai an sami na gaba: mai gida, mai unguwa, dagaci, hakimi, sarkin kasuwa, shugaban makaranta, kansila, har ya zuwa gwamna da shugaban ƙasa. Kowane ɗayansu an danƙa masa abubuwa biyu waɗanda ba nasa ba ne, wato dukiyar jama'a da ikon zartar da magana a kansu. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana yadda ake riƙon wannan amana, da kuma hannun da talakawa suke da shi wajen gyaruwarta ko lalacewarta.

Dalilin naɗa shugaba

Akwai ayyukan da mutum ɗaya ba ya iya yi wa kansa: haƙa rijiyar gari, raba gardamar iyakar gona, tsare burtali don kada manomi da makiyayi su yi faɗa, gyaran makaranta da asibiti. Saboda irin waɗannan ne jama'a suke fid da ɗaya daga cikinsu, su ba shi girma, su biya shi daga baitulmali. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, tilas ya yi masa aski. Girman da aka ba shi da albashin da yake karɓa duk ladan aiki ne, ranar da ya bar aikin ya ci gaba da karɓa, haram yake ci.

Wannan magana ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya lissafa laifuffukan sarakunan zamaninsa, ya ambaci karɓar gaisuwa, da jangali, da kuɗin gari, da ɗiban kayan 'yan kasuwa ba da yardarsu ba. Duk laifin guda ne: mai mulki ya ɗauki talakawa abin tatsa.

Misali daga Kano

An haifi Malam Aminu Kano a 1920, a gidan malamai. Ya yi koyarwa a Midil ta Bauchi, ya je ƙaro ilmi a Landan, aka kuma ba shi makarantar horon malamai ta Maru. A wancan zamani mai irin wannan ilmi hanyar girma a buɗe take gabansa, in dai zai kame bakinsa. A 1950 ya ajiye aikin, ya shiga jam'iyyar NEPU wadda aka kafa a Kano a shekarar, ya zama jagoranta. Abin da jam'iyyar ta sa a gaba shi ne talaka ya san yana da haƙƙi: kada a sa shi aikin tilas, kada a ƙwace masa gona, kada a yi masa hukunci ba tare da an ji ta bakinsa ba. 'Ya'yanta da yawa sun sha bulala da ɗauri a kan haka.

Kada a ce don bai sami dama ba ne ya zauna da tsabtar hannu. Ya ci zaɓen majalisar wakilai ta tarayya a 1959. A gwamnatin Janar Yakubu Gowon ya riƙe ma'aikatar sadarwa, daga baya ta lafiya, wuraren da manyan kwangiloli suke bi. Ya fito yadda ya shiga, da fararen kayansa da jar hularsa, ya koma gidansa na Gwammaja, inda manomi da ɗan dako suke shiga su faɗi damuwarsu. A 1979, da jam'iyyarsa ta PRP ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Ya rasu a watan Afrilu na 1983. Gidan nan na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, filin jirgin sama na Kano da asibitin koyarwa kuma suna ɗauke da sunansa.

Yadda abin yake a ƙauye

Ba sai mutum ya zama minista ake jarraba shi ba. A ce motar takin zamani ta iso gari gab da shuka, buhunan ba za su isa kowa ba. Dagaci mai hidima zai sa a sauke su a fili gaban jama'a, a ƙidaya da ƙarfi, a kira suna gida gida. Ya tuna da gwauruwar da take noma don marayunta, wadda ba za ta iya kutsawa cikin maza ba, ya aika mata da nata. In wani abu ya ragu, sa'an nan ya duba gonarsa. Dagaci mai ganima kuwa da dare za a sauke masa a zaure, kashegari a ce rabin aka kawo, ranar kasuwa a ga sauran a rumfar ɗan ƙanensa. Dukansu rawani ɗaya suka naɗa, amma kowane yaro a garin ya san bambancinsu.

Haka kuma mai hidima ba ya gajiya da masu kawo kuka. Babba juji ne, wanda ba zai iya haƙuri da abin da za a zubo masa ba, kada ya nemi girman.

Laifin mabiya

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sau da yawa ranar da ɗan'uwa ya sami muƙami, dangi da abokai sai su ce, "Kakarmu ta yanke saƙa." Wannan na son kujerar Makka, wancan na son a aurar masa da 'ya, wani kuma kwangila. Albashi ba zai ɗauki wannan ba, kowa ya sani, to daga ina ake so ya kawo? In ya sauka bai tara komai ba, mu ne masu cewa, "Allah ya ba shi dama ya yi wauta." Mai karɓar atamfa da sabulu ranar zaɓe shi ma ya riga ya sayar da bakinsa, domin wanda ya saya sai ya mai da kuɗinsa da riba, daga kuɗin maganin asibiti da na rufin aji.

Abin da ya kamace mu

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kafin ku ba mutum ƙuri'a, ku bincika yadda ya riƙe ƙaramar amana: kuɗin masallaci, asusun ƙungiya, gadon marayu. Bayan ya hau, ku je masa a ƙungiyance da bukatar gari, ku tambayi abin da aka ware da inda aka kashe, cikin ladabi, ba tare da tsoro ba. Wanda ya sauka da hannu mai tsabta, ku tashi ku ba shi wuri a taro, ku nuna shi ga 'ya'yanku, domin yara suna kallon wanda manya suke girmamawa, shi za su yi koyi da shi. Allah ya ba mu shugabanni masu tausayinmu, ya ba mu ikon taimakonsu a kan gaskiya, amin.