Kallon bidiyo ba ya sa jariri numfashi

Ni ungozoma ce a nan Minna, kuma ina koyar da masu tasowa. Abin da na gani makon jiya ya hana ni barci.

Wajen asuba aka shigo mana da jariri a Keke Napep, an naɗe shi a zanin kakarsa. An haife shi ne a wani ɗan shago da ake kira asibiti, inda babu likita da dare sai wata yarinya mai farar riga. Yaro ya faɗo bai yi kuka ba. Kakar ce ta ba ni labari tana hawaye: yarinyar ta kama ƙafafunsa ta juya kansa ƙasa, ta yi ta marin ɗuwawunsa, ta yayyafa masa ruwan sanyi, ta shafa masa sifirit a ƙirji. Har aka kira sallah ana wannan. Da ya iso hannunmu jikinsa ya yi sanyi, leɓunansa sun yi shuɗi, hannun dama na jijjiga. Yana raye, amma Allah kaɗai ya san abin da ya samu ƙwaƙwalwarsa.

Na tambayi yarinyar, don ta biyo su: "Ba ku da ambu ne?" Wato abin da ake matsawa a hura wa jariri iska. Ta ce akwai, yana cikin ledarsa a kabad. "To me ya hana ki?" Ta ce, "Anti, na sha ganin yadda ake yi a YouTube, amma da abin ya zo hannuna ya ƙi." Wallahi haushin mai shagon da ya bar ta ita kaɗai ya fi nata yawa a raina.

Minti ɗaya muke da shi. A tsane shi, a shafa bayansa, in bai yi numfashi ba a sa ambu kafin mintin ya cika. Ba a juya jariri. Ba a zuba masa ruwan sanyi.

Kuma kada a ce ina ƙin fasaha. Tsarin Helping Babies Breathe, wanda ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da abokanta suka fitar a 2010, an mayar da shi duniyar kwamfuta: ki sa waya cikin tabarau mai arha, ki tsinci kanki a ɗakin haihuwa, jariri a gabanki, agogo na tafiya, in kin yi kuskure a nuna miki. An gwada shi da nas-nas da ungozomomi a Legas da Kenya, Farfesa Chinyere Ezeaka da Dakta Rachel Umoren na cikin jagororin aikin, aka buga sakamakon a 2021. Bayan wata 6, masu tabarau sun fi sauran riƙe iya sarrafa ambu kusa da yadda suka fita daga horo. Amma ku lura: dukkansu sai da suka fara koyo da hannu a kan 'yar tsanar horo. Tabarau tuni ne, maimaici ne. Ba zai koya wa yatsunki yadda ake manne abin rufe baki da hanci har iska ta daina zurarewa ba, ko yadda ake ɗaga haɓa kaɗan ki ga ƙirji ya tashi.

Ni kaina da na daɗe a aikin nan, in na jima ban taɓa ambu ba sai na koma kan 'yar tsana. Balle wadda iyakarta kallo.

Masu buɗe shaguna, ku ji tsoron Allah. Farar riga ba takarda ba ce. Ku daina barin wanda bai taɓa gwadawa ba a kan mai naƙuda, ku ciro kayan nan daga leda. Matasanmu na jami'ar FUT da ke Gidan Kwano, wannan aikin ku ne: ku yi mana irin wannan manhaja da Hausa da Nupe da Gwari, wadda za ta yi aiki ba intanet.

Ku kuma mazan gida, tun ranar awo ku tambaya: in yaro ya fito bai yi kuka ba, wa zai ba shi numfashi, ina abin da za a ba shi da shi? In suka fara kame-kame, ku ɗauki matarku ku kai ta babban asibiti. Kuma don Allah, a daina juya jarirai.