Da Me Za Ka Ɗaga Babur Ɗinka In Za Ka Gyara Shi A Gida?

A ƙasar Wasagu babur shi ne jakin wannan zamani. Shi ke kai dawa da masara kasuwar Bena, shi ke kai mara lafiya Ribah ko Zuru. In ya kwanta, aikin gida ya kwanta. Kuma ba kowane ƙauye ke da makanike ba, ga shi a shekarun nan ba kullum ne hanya take da lafiyar da mutum zai tura babur zuwa gari ba. Saboda haka ya kamata mai babur ya iya faci, da ɗaure sarƙa, da canja takalmin birki a gidansa. Amma duk waɗannan ayyuka suna bukatar taya ta bar ƙasa, a nan ne kuwa mutane suke jin rauni.

Ka tuna da nauyin abin tukuna. Boxer ko Jincheng ko Haojue irin waɗanda muke hawa, nauyin kowannensu ya kai wajen kilo 100, wato kamar buhun masara cikakke. Buhu yakan zauna inda aka ajiye shi. Babur kuwa ƙafa biyu gare shi, kullum neman faɗuwa yake. In ya faɗi a kan hannu ko ƙwauri sa'ad da aka cire taya, ƙarfe ne tsirara zai sauka a kan ƙashi. Manomin da ya karye a watan Yuni ya rasa noman shekara.

Abin ɗagawa mafi kyau yana jikin babur ɗin tun daga kamfani, wato ƙafar nan ta tsakiya mai reshe biyu. Waɗansu sukan cire ta domin tana bugun dutse ko tana ƙara. Kada ka yi haka. In tana lilo, sifirin ɗinta ne ya saki, sai a canja shi. In an riga an cire, kuɗin da za ka kashe wajen sayen jak gara ka mai da ita. Wajen kafe babur a kanta ba a sa ƙarfin baya. Riƙe kan babur da hannun hagu, ka kama kariya da na dama, ka taka ƙafar da dukan nauyinka, sa'an nan ka ja sama da baya kaɗan. Zai hau da kansa.

Amma ƙafar tsakiya ba ta da amfani a ƙasa mai laushi. Da damina reshe ɗaya yakan nutse a hankali, kai kana can kana fama da noti, sai ka ga babur ya taho maka. Nemi katako mai faɗin ƙafa guda, kaurin inci ɗaya, ka shimfiɗa a wuri mai bai ɗaya, ka kafe babur a kai. Katakon nan yana ƙara wa taya tazara daga ƙasa, fitar da ita sai ta yi sauƙi. Bayan haka ka ɗaure ƙafar da igiya zuwa tayar gaba, domin in an tura babur gaba kada ta naɗe. Ka sa dutse gaba da bayan tayar da ta rage a ƙasa.

Wannan ya isa aikin tayar baya. In ta gaba za ka cire, ɗora buhun hatsi a kan kariya har gaban ya tashi, sa'an nan ka tokare ƙarfen jikin babur ta gaban inji da gungumen ice. Icen ƙirya ko maɗaci ya fi, gama ba sa tsagewa da sauri. A yanke shi daidai sama da ƙasa, ya zama faɗinsa ya kai tsawonsa. Kada ka yarda da bulon siminti. Cikinsa rami ne, kuma ba ya gargaɗi, farat ɗaya yake fashewa. Ice yakan yi ƙara kafin ya ba da kai.

To, jak ɗin mota fa? An yi shi domin abin da ke da sauran tayoyi uku a ƙasa. Kansa ƙarami ne, wuri ɗaya yake turawa, babur kuwa sai ya karkata. Mai kama da kwalba, wanda ke aiki da mai, sau da yawa ma ba ya shiga ƙarƙashin ƙaramin babur, kuma in robarsa ta tsufa yakan sauka da kansa ba ka sani ba. Mai zare, wanda ke buɗewa kamar almakashi, ya fi dama-dama. In da shi za ka yi aiki, babur ya kasance a kan ƙafar tsakiya tukuna, ka sa guntun katako tsakanin jak da ƙarfe, kuma da zarar taya ta tashi ka tura gungume. Kada kan jak ya taɓa gindin inji kai tsaye. Alminiyon ne, in ya tsage baƙin mai zai zube, gyaransa kuwa ya fi kuɗin jak nesa.

Akwai kuma manyan jak masu faɗi da teburan ɗagawa da ake gani a waya. Sun fi dacewa da manyan babura masu nauyi, da daɓen siminti mai santsi. A tsakar gidanmu asarar kuɗi ne.

Kafin ka ɗaga, rufe makullin fetur, ka bar salansa ta huce, ka kori yara daga wurin. Sassauta babban notin taya tun babur yana ƙasa, domin jijjigar sifana ita ce ta fi kā da shi. Haka kuma ɗaurin ƙarshe, sai ka sauke shi tukuna. In sarƙa ka gyara, ka bar mata wasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta, ka juya taya ka gwada a wurare uku ko huɗu, gama tsohuwar sarƙa takan ɗame a wani wuri ta saki a wani. Sa'ad da za ka sauke babur, kwance igiyar nan, ka janye gungume da duwatsu, ka tsaya a gefen hagu da yatsunka a kan birkin gaba, sa'an nan ka tura shi gaba a hankali.